Na biya dubu 15 an kai ni hawan Dutsen Shere a Jos, ga yadda ta kaya

Yau kwana biyar kenan da dawowata Kano amma har yanzu in na zo zaman tahiya sai na dafa ƙasa na lallaɓa kamar tsoho, cinyoyina kuwa sai kace an yi min dukan kawo wuƙa. Jiya bayan magariba wani dattijo maƙocina yake tambayata ko mashin ne ya kayar da ni, nace a'a Alhaji dutse na hau, yace dutse kuma? me ka ajiye a can? Na rasa amsar da zan ba shi, sai dariya.

Tunda na saka hotunan nan a Facebook mutane suke ta damuna ta inbos, su waye suka kai ku, nawa ne, mace za ta iya, akwai tsaro, to bari in amsa gaba ɗaya a huta. Sunan masu shirya tafiyar ba zan kama ba, don akwai inda zan yaba musu akwai kuma inda zan taka su, kuma irinsu suna da yawa a Jos yanzu, kusan duk Asabar sai ka ga wani gurup ya fitar da talla.

Auta ce ta jawo min. Ƙanwata ce, tana karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a Jami'ar Jos, ita ta turo min tallar ta WhatsApp tace Yaya tunda za ka zo duba ni ƙarshen wata ka biya mana mu je. Abinda aka rubuta a tallar shi ne yawon shan iska a kan dutse, kowa zai iya har wanda bai taɓa hawa ba, dubu 15 mutum ɗaya, a ciki akwai bas da riga da abinci da ruwa da jagora da mai hoto, a dawo ƙarfe 2 na rana. Ni kuwa Bakano, duk hawan dutsen da na sani bai wuce Dala da Goron Dutse ba, Dalar ma da matakalarta ta siminti, sai nace ai wannan ba wani abu bane, na yi musu taransfa na mutum biyu. Gaskiya a nan ba su da laifi, alat na shiga suka saka mu a gurup, suka turo wurin haɗuwa da lokaci. Amma ko kalma ɗaya a kan irin takalmin da za a saka babu, ku riƙe wannan za mu dawo kansa.

Ranar Juma'a na bi ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jingir na shiga Jos da daddare. Ƙarshen Oktoba ne, damina ta ɗauke ko tana shirin ɗaukewa, hunturu bai kankama ba. Duk da haka sanyin asubar Jos sai da ya gaisa da ni, garin kansa yana sama da teku da kusan mita 1,200, Kano kuwa ko 500 ba ta cika ba, shi yasa mu in mun je muke ta rawar ɗari su suna yawo da tishat.

An ce a haɗu shida da rabi a mahaɗar Biritish Amerika. Mu biyu da wasu 'yan mata uku ne kawai muka cika alkawari. Bas ɗin ba ta zo ba sai bakwai da rabi, ta zo kuma aka tsaya jiran mai abinci, mai abinci ta zo aka tsaya jiran mai hoto, ba mu tashi ba sai takwas da minti ashirin. A lokacin na ɗauka ɓacin rai ne kawai irin na lattin da muka saba, sai da rana ta take muna tsakiyar falalen dutse ba inuwa sannan na gane awa biyun nan da aka ɓata su ne awa biyun sanyin safiya da ya kamata a ce a cikinsu muka yi hawan. Wannan shi ne laifinsu na farko kuma shi ya haifi sauran.

Daga cikin gari zuwa gindin duwatsun ba nisa, kamar kilomita 10 ne gabas da Jos, ta hanyar Lamingo. A wannan yankin ne makarantar horon nan ta 'yan Man O' War take, wadda suke kira Mountain School. Duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san su, su ne masu sa ka hawa igiya da tsallake katanga a kam. Asalin abin ma a Kamaru aka fara shi a 1951, a wani bakin teku da ake kira Man O' War Bay, daga can sunan ya samo asali. Da na ga allonsu sai gabana ya ɗan faɗi, nace wa Auta ke, inda ake kawo mutane a horar da su shi ne aka ce mana wurin shan iska? Tace Yaya ka cika tsoro.

Mu 23 ne. Kafin a fara aka yi addu'a, wani ya yi ta Kirista ni aka ce in yi ta Musulmi, haka al'adar taro take a Jos kuma abin ya burge ni. Sai aka gabatar mana da jagora. Ni na zaci cikin samarin nan biyu masu shirya tafiyar ne, masu baƙin gilashi da sifika a rataye, ashe su nasu kiɗa ne da ɗaukar bidiyo. Jagoran wani siririn saurayi ne ɗan ƙauyen da ke gindin dutsen, ɗan Afizere, waɗanda mu muke ce wa Jarawa, sanye da takalmin roba irin wanda makiyaya suke sawa, da 'yar sanda, ko jaka bai ɗauko ba. Ya tsaya ya bi ƙafafunmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai kalli fuskar kowa ba, da ya zo kan wata baiwar Allah mai silifas ɗin gayu sai ya girgiza kai yace Anti wannan ba zai kai ka ba. Hausar Jos kenan, mace da namiji duk ka ne. Sai da aka nemo mata tsohon kambas ɗin direba, ya yi mata yawa ta cusa tishu a gaba. Ni kambas ɗina na motsa jiki ne mai taushin ƙasa, ya duba yace Oga naka zai kama. A lokacin ban gane me yake nufi da kamawa ba.

Awa ɗaya ta farko lafiya lau, tafiya ce kawai ta cikin gonaki, acca da masara da shingen ƙyarana irin wanda mutanen Filato suke kewaye gida da gona da shi, ciyawa har ƙugu, raɓa ta jiƙa mana wanduna. Ana ta kiɗa ana selfi. Daga nan kana hango ƙololuwar tar a gabanka kamar ka miƙa hannu, wani yace ai mun ma kusa, jagora ya yi murmushi bai ce komai ba. Hangen Dala ba shiga birni ba, mu Kanawa muka yi karin maganar amma ni ne na fara mantawa da ita.

Inda hanya ta ƙare nan labari ya canza. Babu wata turba kuma, sai wani falalen dutse mai gangara kamar rufin kwano, daga samansa kuma manyan duwatsu ne jibga-jibga an ɗora wani kan wani, wani ya kai girman shago wani ya kai girman ɗaki biyu. Jagora ya tara mu yace a kashe kiɗa, kuma wallahi yadda ya faɗa ba wanda ya yi musu. Ya ba mu doka. Hannu biyu ƙafa biyu, uku su zauna a kan dutse ɗaya ce kawai za ta motsa. Kar a kama ciyawa a ja jiki da ita, saiwarta ba zurfi za ta tumɓuke da kai. Kar a zura hannu a ramin da ido bai gani ba saboda maciji da kunama. A bar tazara tsakanin mutum da mutum, in ƙafarka ta ture dutse ka yi ihu na ƙasa su kauce. Sai kuma wadda ta fi min amfani, yace inda dutse ya yi fari ko ruwan toka taka shi ba tsoro, inda ya yi baƙi yana ƙyalli ruwa ne yake tsattsafowa akwai gansakuka, ko akuya ba ta takawa. Nan na gane kamawar da yake nufi. Busasshen dutsen nan kaushi gare shi kamar sanfefa, robar takalmi tana manne masa, in ka miƙe tsaye ka saki nauyinka a kan tafin ƙafa ba ka zamewa, amma in tsoro ya sa ka kwanta a jikinsa kana rarrafe da gwiwa to a nan ne ƙafa take suɓucewa. Abin da hankali yake ce maka ka yi shi ne daidai abin da zai kayar da kai. Na ɗau kusan minti goma kafin zuciyata ta yarda.

Wurin da ba zan manta ba wani tsagi ne tsakanin duwatsu biyu, tsayinsa ya fi mutum biyu, faɗinsa kuwa da ƙyar kafaɗa take shiga. Sai ka cire jaka ka miƙa wa na sama, ka jingina bayanka da ɓangare ɗaya ka tokare ƙafa da ɗayan, ka dinga turawa sama kaɗan-kaɗan kamar tsutsa. Auta ta shige fit kamar ƙadangaruwa. Ni da na zo tsakiya inda ya tsuke sai tumbi ya ce bai san zancen ba, na maƙale, ba sama ba ƙasa, mutum goma sha wani abu suna jira a bayana, wata tana cewa Daddy a yi haƙuri a matsa mana, ni da ko arba'in ban cika ba wai Daddy. Ina jin bugun zuciyata a kunne, kuncina manne da dutse, har ƙanshin ƙasa da kashin rema nake shaƙa. Jagoran ya sauko ta wani gefe da ban ma san ana bi ba, ya tsugunna daidai kaina yace Oga kar ka yi kokawa da shi, fitar da numfashi duka, duka fa, sai ka juya gefe. Na fitar, na juya, ya nuna min wani ɗan tudu da bai fi girman ƙwai ba yace sa ƙafar hagu a nan. Sai gani a sama. Maɓallin rigata ɗaya yana can har yanzu.

Bayan wannan akwai tsallake. Duwatsu biyu ne da rata a tsakaninsu, faɗin bai fi taki ɗaya mai kyau ba, a ƙasa ko kwata ta fi shi faɗi, amma in ka leƙa ba ka ganin ƙarshensa sai duhu. Baiwar Allah mai kambas ɗin direba ta zo nan ta ƙame, ƙafarta tana karkarwa, ta fara hawaye tana cewa ita a mayar da ita gida. Samarin masu shiri ɗaya yana can gaba da mai hoto ɗaya yana ce mata ki daure mana ki daure, wanda ba abinda yake ƙara wa mai tsoro sai tsoro. Jagoran nan ya tsallaka ya dawo ya tsallaka ya dawo sau uku a gabanta a hankali don ta ga inda yake taka wa, sannan ya buɗe ƙafafunsa ɗaya nan ɗaya can ya tsaya a kan ramin ya tare shi da jikinsa, yace Anti kar ka duba ƙasa, duba ni. Ta wuce. Haka ya tsaya har mutum 23 suka ƙare. To ku gaya min, mutum ɗaya ga mutum 23 a irin wannan wuri? Duk lokacin da ya tsaya taimakon na baya, na gaba suna tsaye a rana ba su san hanya ba, in ya je gaba na baya sun zama marayu. Ko mutum biyu aka ƙara irinsa da tafiyar ta ragu da awa biyu. Kuma ba wai babu su bane, mun bar samari a ƙauyen suna zaune.

Ana cikin wannan hakin ne Auta ta ga dama ta buɗe min lakca, wai Yaya ka san abin da kake takawa? Nace wahala. Tace wannan dutsen narkakke ne da, a can ƙarƙashin ƙasa ya daskare sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, ruwa da iska suka cinye abin da ya rufe shi ya fito fili. Duwatsun da nake gani kamar wani ne ya jera su kuwa, tsagewa dutsen ya yi tun yana binne, ruwa ya dinga bin tsagin yana cin kusurwoyi har suka zama mulmulallu, da ƙasar tsakaninsu ta wanke sai suka zauna a kan juna, irin na Riyom da ake sakawa a kalanda. Ta ɓanɓaro wani ɓawo a jikin falalen ta nuna min yadda yake saɓulewa kamar albasa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da tace jerin irin waɗannan duwatsun tun daga Azbin a Nijar ya taso, ya biyo ta Damagaram ya gangaro har Filato, na arewa sun fi tsufa na kudu sun fi ƙuruciya, kuma a jikinsu kuza take. Kuza kuwa ita ce ta yi Jos. Kakanmu yana ba mu labarin ɗiban gwamna, lokacin yaƙin duniya na biyu da Turawa suka dinga kwasar mutane daga ƙasar Hausa ana kai su haƙar kuza dole, yace sanyin Filato ya kashe da yawa don ba su zo da ko bargo ba. Ban taɓa haɗa labarin da wani wuri na zahiri ba sai ranar. Na ce mata to kuɗin makarantar bai tafi a banza ba, amma ki bari in numfasa.

Sai maganar ruwa. Gora biyu ƙanana aka ba kowa a gindin dutse, aka ce sauran yana bas. Yana bas! Bas ɗin da ke can ƙasa mu muna nan sama. Kafin sha biyu yawancin mutane sun shanye nasu, kuma rana a can sama ba irin ta Kano bace, iska tana kaɗawa ba ka jin zafi ba ka ganin gumi, amma tana ƙona ka tana tsotse ka, sai dai ka ji leɓe ya bushe kai ya fara sarawa. Allah ya taimake ni na saka fiya wata guda shida a jaka tun daga gari saboda halin Bakano na rashin yarda, su muka dinga rabawa ana kurɓa ana miƙawa. Duk mai zuwa ya ɗauki lita uku nasa na kansa, ko me aka rubuta a talla, da dabino ko gyaɗa a aljihu.

Wajen ɗaya saura muka isa inda suke kira Gog da Magog. Da na ji sunan sai da na sake tambaya, Yajuju da Majuju fa kenan, nace wanda ya raɗa wa wurin nan suna lallai shi ma ya sha wuya kafin ya iso. Duwatsun Shere su ne mafi tsayi a duk Filato, ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829. Ba su kamo Chappal Waddi na Taraba ba mai mita 2,419, wanda ya fi kowanne a Najeriya, amma wancan tafiyar kwanaki ce, wannan kuwa ka karya a gari ka dawo ka ci tuwon dare a gari.

Abin da na gani a saman nan shi ya sa duk ƙorafin da nake yi ban ce a dawo min da kuɗina ba. Jos gaba ɗaya tana shimfiɗe a yamma, kwanukan gidaje suna walƙiya, dam ɗin Lamingo da na Liberty kamar an ajiye madubi a cikin ciyawa, can nesa kududdufan da haƙar kuza ta bari, ta gabas kuwa tsaunuka ne bayan tsaunuka suna ta dusashewa har su haɗe da sama ta wajen Bauchi. Shaho yana shawagi a ƙasa da mu, a ƙasa fa, ina kallon gadon bayansa. Iska tana busawa har tana ture mutum. Abin mamaki mutum 23 da suka taho da sifika sai kowa ya yi tsit ya nemi dutsensa ya zauna. Auta tace ruwan da ya sauka a wannan yankin wani yana bin Dilimi ya zama kogin Jama'are ya bi ta fadamun Hadeja da Nguru ya nufi tafkin Chadi. Na zauna ina tunanin manomin shinkafa a can da bai san daga inda ruwansa yake fitowa ba.

Mun yi sa'ar lokaci, wannan kuma ba dabarar kowa bace. Da a tsakiyar damina ne dutsen santsi zai yi ga tsawa, ba wanda zai so hadari ya same shi a kan tsauni tsirara. Da kuma Disamba ko Janairu ne hazo zai rufe komai, ka sha wahalar banza ka hau ka ga fari fat. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ciyawa kore, sama a wanke, dutse a bushe.

Abinci jalof ce a tekawe da nama yanka ɗaya da lemo, ta huce amma yunwa ba ta san wannan ba, ban da ƙorafi. Azahar ta same mu a can, mu shida ne Musulmi, ruwa ba na alwala sai muka yi taimama a jikin dutsen, muka duba alƙibla a waya, netwok ma akwai shi a sama fiye da ƙasa. Masu shirin ba su saka lokacin sallah a tsarinsu ba amma da muka ce za mu yi ba wanda ya ɗaga mana hankali, har wani ya matsar da jakarsa ya ba mu wuri mai faɗi. Ban taɓa sujada a wurin da ya kai nan tsayi ba.

Saukowa ita ce ainihin jarabawar, kuma ba wanda ya gaya mana. A hawa fuskarka tana kallon dutse, a sauka kuwa ramin kake kallo, gwiwa ta riga ta gaji tana rawa da kanta. Jagora yace wurin da ya yi tsaye sosai a juya a fuskanci dutse a sauka da baya kamar tsani, wurin da ya kwanta a zauna a ja gindi, kuma yace ba kunya a ciki shi ma yana yi. Haka manya da ƙanana da masu digiri muka jeru muna jan gindi, sanfefar da na yaba ɗazu ta cinye min bayan wando tas, sai rigar da suka raba mana na ɗaura a ƙugu, amfaninta kenan a wurina. Mata masu tambaya, Auta dogon wando mai kauri ta saka da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi ta cusa shi cikin riga, ba abinda ya dame ta. Doguwar abaya ko zani kam kar ma a fara, za su harɗe ki a inda ba a son harɗewa.

Muna gab da fita daga duwatsun wani yaro ɗan jami'a da tun safe yake tsalle-tsalle yana nuna shi gwani ne ya diro daga kan wani dutse ƙafarsa ta faɗa tsakanin biyu, ta gurɗe, nan take idon sawun ya kumbura kamar an hura. Aka ce a kawo akwatin taimakon gaggawa. Da aka buɗe, filasta ce da auduga da man zafi rabin kwalba, ko bandeji babu. Gyalen da Auta ta ajiye a jaka shi jagoran ya karɓa ya naɗe ƙafar da takalmin a jiki, yace in an cire ba zai koma ba, ya ba shi sandarsa, wurare biyu ma goya shi ya yi, yaron da ya fi shi jiki. Biyar da rabi muka iso bas, mu da aka ce ƙarfe 2. Da abin ya fi haka, karaya ce ko sarar maciji, ban ga wani shiri da suke da shi ba, kuma na tambaye su a cikin bas, amsar da na samu ita ce ai ba a taɓa samun matsala ba.

Masu tambayar tsaro, mu dai lafiya muka je muka dawo, mutanen ƙauyen sai sannu da zuwa da sannu da ƙoƙari. Amma Jos gari ne da yake da ranakunsa, kowa ya sani, kafin ka taso ka tambayi wanda yake zaune a can halin da ake ciki a satin, kuma kar ka ce za ka hau kai kaɗai ko ku biyu da taswirar waya, duwatsun nan duk kama ɗaya suke in ka juya.

Kafin mu rabu na ja jagoran gefe nace ɗan'uwa nawa suke ba ka a cikin kuɗin nan? Ya yi dariya ya sosa ƙeya yace Oga ana maneji. Bai faɗa ba ni ma ban matsa ba, amma na lissafa dubu 15 sau 23 a raina na kalli takalmin robarsa da ya tsage ta gefe. Muka yi karo-karo mu kamar goma muka damƙa masa, da farko ma ƙin karɓa ya yi sai da baiwar Allah mai kambas ta ce in bai karɓa ba ba za ta shiga mota ba. A bidiyon da suka saka a Instagram washegari, mai kiɗa da jirgin ɗaukar hoto da komai, sau ɗaya ya fito, shi ma bayansa ne.

In maki ake so, dutsen goma bisa goma, jagoran goma bisa goma, masu shirin biyar, biyar ɗin ma don bas ɗin tana da lafiya, hotunan sun yi kyau kuma sun turo su a daren ba ja-in-ja. Zan sake zuwa? Eh, amma ba ta hannunsu ba sai sun gyara tallarsu sun rubuta gaskiya cewa hawa ne da hannu da ƙafa na awa bakwai zuwa takwas, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ko jiri ya nemi shawara tukuna. Ni dai na karɓi lambar jagoran, in Allah ya kai mu baɗi mu biyar ko shida za mu je, mu kwana a Jos, shida na safe muna gindin dutse, kuɗin kuma a hannunsa za mu saka.

Wandon na kai wa telanmu na bakin layi shekaranjiya, ya ɗaga shi sama ya leƙo ni ta cikin hujin yace Malam wannan kare ne ya bi ka? Nace dutse ne. Yace to ba ya faci, sai dai a yanke a yi maka gajere.